Littafin Malam, Ƙwaryar Kande da Takardar Japan

Jama'a ku yi haƙuri da ni yau, babban yatsana sai gudu yake bisa sikirin kamar an biyo shi. Murna ce. Caji ya kusa mutuwa, amma wallahi ba zan iya kwana da wanga labari a cikina ba. Sai dai kafin in gaya muku abin da ya sa nake zaune bakin hostal ina washe baki ni kaɗai, dole mu koma gidanmu a Danwarai, bakin murhun kakata. In ba ku san murhun nan ba, ba abin da za ku gane.

Inno muke ce mata. Uwar babanmu ce, 'yar Maiyama, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Ba ta iya ganina ba ta tsokane ni ba. "Ga mijin banza nan tahe, ko goro bai iya sawo min." In ce ai na sake ta tun jiya, ta ce kunnenta ya mutu, ba ta ji ba, saki bai saku ba.

In an sauke tuwo an yi isha'i, ba ta yarda a kashe wuta. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tona garwashi, ta jera ɗanyar masara a gefe. Ƙarshen damina na fi tunawa. Kwaɗi na ta kuka a fadama, sauro na ta cin ƙafafunmu, mu jikoki mun zagaye ta muna faɗa kan wa zai samu masarar da ta fi ƙonewa. Hasken wutar yana kama rabin fuskarta, ɗaya rabin yana cikin duhu, shi ya sa in ta yi muryar dodo har fitsari ke kama mutum.

A ɗakinta kuwa, can sama jikin azara, akwai wata tsohuwar gafaka ta fata a rataye. Littafin Malam ne a ciki, mijinta, kakanmu, wanda ya rasu ban ma san shi ba. Waƙoƙin wa'azi ne na ajami da ya rubuta da hannunsa, da alƙalamin kara da tawada. Ba ɗinke yake ba, falle-falle ne aka jera aka ɗaure da igiyar fata. Inno ba ta iya karanta ko baƙi ɗaya, amma waƙoƙin duk suna kanta, don ta sha jin shi yana rerawa. In ruwa ya ɗauke sai ta sa a sauko da shi, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta baza fallayen su sha iska, ta zauna da kara a hannu tana korar kaji tana rera waƙar can ƙasa-ƙasa. Ita ta fara nuna min cewa in ka ɗaga falle ga rana za ka ga jinjirin wata guda uku a cikin takardar. Ba wanda ke taɓa shi da hannun miya. Ba wanda ke taɓa shi ma, in dai ba ita ta miƙa maka ba.

To, ranar da nake son ba ku labari, ƙwaryar furarta ce ta tsage. Baffa Umaru, autanta, ƙanen babanmu, lokacin saurayi ne mai ji da ƙarfi. Shi mutum ne da bai yarda da gyara ba sai da waya. Takalmi ya tsinke, waya. Ƙyauren kara ya karkace, waya. Kullum akwai guntuwa a aljihunsa. Ya ɗauki ƙwaryar ya juya ya ce bari ya ɗaure mata ita yanzun nan. Inno ta yi wuf ta fizge abarta.

"Aje min, maƙerin Kande."

Munka ce wace ce Kande? Ta ce mu ci tuwo tukuna.

Da munka taru bakin wuta, Baffa ma ya zo ya tsaya jikin rumbu wai shi ba saurare yake ba, iska yake sha. Inno ta busa masararta ta ce, "Ga ta nan tahe tana ɗingishi." Munka amsa da ƙarfi yadda ta koya muna, "Ta zamna mu ba ta ruwa!"

Wai an yi wani gari da fari ya kama. Rijiyoyi sunka ƙafe, gulbi ya zama rairayi, har tsuntsaye sunka bar garin. Wuri ɗaya kaɗai ke da ruwa, ƙarƙashin wani jan dutse bayan gari. Shi ko ruwan nan yana da hali: ba ya fitowa ga tulu, ba ya fitowa ga guga, sai ga wata tsohuwar ƙwarya ɗaya tak da wata mata mai suna Kande ta gada wurin kakarta. In Kande ta je ta ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar, ruwan ya ji muryar da ya sani, sai ya taso ya cika ta. Ta ɗauko, ta kawo gari, a raba kurɓi-kurɓi, ta koma. Da wagga ƙwarya garin duka ke rayuwa.

Rannan sai ta tsage. Ba faɗuwa ta yi ba, tsufa ne kawai. Tsaguwa ƙarama daga baki.

Gari ya ruɗe. Maƙerin garin, ƙaton mutum, ga shi da jariri a gida uwar ba nono saboda ƙishi, ya ce a kawo mashi ita. Ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya huda nan ya huda can, ya ɗinke da waya, ya murɗe, ya ƙara murɗewa. Ya ce wanga ɗinki har jikokinsu. Mutane sunka yi ta sa mashi albarka.

Kande ta je ta ƙwanƙwasa. Ruwa ya yi jinkiri kamar bai gane muryar ba, sannan ya taso. Ta ɗora a kai ta kamo hanya. To ita ƙwarya in ta sha ruwa ai motsi take, ta ɗan kumbura, ta ɗan miƙe. Ƙarfe ko ba ya motsi. A nan Inno kan rage murya har sai mun matso gwiwoyinmu na jin zafin wuta. Ta ɗauki kara ta karya shi a hankali kusa da kunnena. Ƙas. Daga kowace hudar maƙeri sabuwar tsaguwa ta fita. Ruwa ya yi ta bin bayan Kande, ta iso gari da abin da bai wuce jiƙa harshe ba.

Da yamma aka ji ƙwaryar na kuka a kusurwar ɗaki. Inno ta rera muna kukan da wata siririyar murya da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi:

"Ƙarhe, ƙarhe, sassauta min,
ni ɗiyar duma ta.
Wanda yaf fi ni ƙarhi
ba riƙe ni shikai ba, karya ni shikai."

Maƙeri ya ce a ƙaro waya. Wasu sunka ce a ƙaro. Tsaguwa ɗaya ta riga ta kai kusa da gindi, in ta ƙarasa shi ke nan, ƙwarya ta rabu biyu, gari ya mutu. Suna cikin wagga gardama sai ga wani gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, ya biyo ta garin da 'yar jakarsa. Ya duba. Ya ce a ba shi ɓawon iccen kargo da ruwan toka. Ya jiƙa, ya daddaka, ya yi ta tsagawa har ya fid da zare siriri kamar gashin jariri. Mutane sunka fashe da dariya duk da ƙishi. Ƙarfe ya kasa, sai wanga?

"Yac ce musu, ku ji in hwaɗa muku gaskiya tun yanzu," in ji Inno tana nuna mu da totuwar masara. "Zaren ga tsinkewa shikai. In ya tsinke ku nemi wani shi sake ɗinkewa. Sunka ce kai, wane irin gyara na wanga da ka tsinkewa? Yac ce, gara zare shi tsinke da ƙwarya ta tsage."

Ba su da zaɓi, sunka bar shi. Ya warware wayar da ta warwaru, ya ɗinke. Amma wuri ɗaya, inda tsinken maƙeri ya ƙone ƙwaryar, ya ce nan kam ba shi da dabara, abin da wuta ta ci ta ci.

Kande ta tafi. Gari duka ya fito bakin ganuwa yana jiranta. Ta ƙwanƙwasa, ruwa ya taso da sauri. Ta ɗauko. Tana tafe tana jin zaren na miƙewa tare da ƙwaryar kamar suna numfashi tare. Saura kaɗan ta iso sai ta yi tuntuɓe. Ƙanwata Hadiza ta yi ƙara a nan, har masararta ta faɗa wuta. Aka ji tas! Kowa ya dafe kai. Ashe zare ne ya tsinke wuri ɗaya. Ƙwarya na nan lafiya. Ruwa ya isa gari, jaririn maƙeri ya rayu. Sai dai tun daga rannan har Kande ta tsufa, duk sanda ta ɗauko ruwa, ta wurin ƙunar nan ɗigo ɗaya na sauka bisa goshinta.

"Ta ƙare," in ji Inno. "Wanda yaj ji nashi, wanda yay yi kwana na sauro."

Daga jikin rumbu Baffa ya ce, "Ni dai da an sai mata robar ruwa an huta." Inno ta wurge shi da totuwa, ta same shi tsakar ka. Munka yi ta dariya har da birgima.

Shekaru sunka ja. Inno ta rasu ina sakandare. Kafin ta cika, Baffa ta sa ya sauko da gafakar ta danƙa mashi a hannu. Shi ko yanzu ya zama babban mutum, dillalin albasa a Aliero, da gemunsa da furfura. Ni kuma Allah ya sa na samu jami'a nan Aliero, ina karanta harkar laburare, abin da abokaina ke min tsiya wai zan ƙare ina kakkaɓe kanta.

A laburarenmu akwai wata Madam Rifkatu, Kirista ce, aiki ya kawo ta garin, amma Hausa a bakinta ba a magana. Ita ce mai kula da ɗakin tsoffin rubuce-rubucen hannu. Wata rana ta tara mu ta buɗe wani kwali ta fiddo wani abu fari. Na rantse na ɗauka yanar gizo ce. Ta ɗora a tafin hannunta, ana ganin zanen hannun tsaf ta cikinsa. Ta ce takarda ce, daga Japan, da hannu ake yin ta. Ta ce in ja. Na ja a hankali, ba ta yage ba. Na ce kai!

Wai can ƙasarsu akwai wani icce da suke sare rassansa lokacin sanyi, su turara, su saɓule ɓawon, su kankare baƙin sama su bar na ciki. Su dafa shi da ruwan toka. Ruwan toka fa, jama'a! Su zauna su tsince datti ɗaya-ɗaya da yatsa cikin ruwa mai sanyin tsiya. Su yi ta bugu da icce kamar masu bugun shadda har ya zama zare-zare. Su zuba a ruwa su haɗa da yauƙin saiwar wani tsiro ɗan'uwan kuɓewa. Sannan su ɗauki wani abu kamar ƙaramin asabari na siraran gora, su ɗebo, su yi ta kaɗawa gaba da baya har zaren ya kwanta bisa juna, su shanya a katako. Da ita suke littattafansu tun zamanin da, kuma da ita yanzu ake facin tsoffin littattafai ko'ina a duniya.

Madam ta nuna muna yadda ake yi. Ba a sa almakashi. Sai ka ja layi da jiƙaƙƙen burushi ka yage ta wurin, bakin ya fito da gashi-gashi, gashin nan shi ke kama tsohuwar takarda. Gam ɗin kuma kunun sitacin alkama ne, tsararo. Ta ce, "Dokar ɗaya ce. Kada faci ya fi abin da ka lika ƙarfi. In an ja, facin ya yage, littafin ya tsira. Kuma duk abin da ka lika, ya zama na bayanka zai iya jiƙawa ya cire."

Wallahi sai na ji ƙamshin gasasshiyar masara. Na ce a raina, ashe gyartan Inno Japan ya nufa da ya bar garin su Kande.

Sannan ta fiddo wani falle da wani ya taɓa yi wa lamineshin, wanga da ake sa takarda cikin leda a tura cikin inji mai zafi. Ya yi ja, ya yi ƙanƙam kamar katin shaida. Ta ce wanga kam sai addu'a, zafi ya riga ya narkar da leda cikin tawada.

Ba a daɗe ba, ranar kasuwar Jega, ina zaune a lakca ina latse-latse a ƙarƙashin benci kamar yadda na saba, sai ga hoto a guruf ɗin gidanmu. Hadiza ta turo. Baffa ne bisa mashin, gafakar Malam rataye a kafaɗarsa. Ta rubuta wai rufin ɗakinsa ya yi yoyo ruwa ya taɓa littafin, zai kai shi Jega a yi mai lamineshin duka a huta da ruwa da gara. Ƙasan hoton kowa sai tafi yake, masha Allah, Allah shi biya Baffa.

Na duba lokacin da ta turo, ya jima. Na fice daga aji ko jaka ban ɗauka ba. Na kira Baffa, tana ta ringin ba a ɗauka. Na san inda wayar take, can cikin aljihun 'yar ciki ƙarƙashin babbar riga. Na kira babanmu, yana fadama, ba netwok. Na rubuta a guruf da manyan baƙaƙe a hana shi, wata gwaggona ta turo min hoton dariya.

Na tare kabu-kabu a bakin get na ce Jega, alaji, ka taka ta don Allah. Hanya cike da manyan motoci sun yi lodin albasa suna tafiyar hawainiya. Ɗan kabu-kabun na kutsawa, ni ina bayansa hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya na ta danna kira. Ina lissafin yadda injin nan ke haɗiye takarda, kan ka ce kwabo falle ya wuce. In Baffa ya samu shago ba layi, kafin in isa littafin Malam ya zama katin shaida tun daga bismilla har tammat.

Shagunan hoto-kwafi a Jega ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Na leƙa wanga, ba shi. Na leƙa wancan, ba shi. Zufa har cikin ido. Wani mahauci da ya san gidanmu ya gan ni ina zarya ya ce, "Ɗan Danwarai, Baffanka kaka nema? Ga mashin nai can bakin shagon da janareta ka tari."

Ashe an ɗauke wuta, janaretan mai shagon kuma ya yi gardama, sai da aka yi ta ja. Ban taɓa gode wa masu ɗauke wuta ba sai rannan. Amma ina shiga na ji shi yana ruri. Ya tashi. Baffa na zaune bisa benci, gafaka buɗe bisa cinyarsa, falle ɗaya a hannunsa yana ta ƙyalli. Mai shagon kuma ya zura na biyu cikin leda yana gyara mashi zama.

To ku gaya min, ya zan yi? Baffana ne. Ga mutane cike da shago. Ba a faɗo wa babba da magana daga tsaye. Na zube ƙasa na durƙusa.

"Baffa ina wuni."

"A'a, Basiru! Lahiya lau. Ƙaƙa karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Ƙaƙa malamanku? Ƙaƙa haƙuri da mu?"

Ina amsawa idona na kan hannun mai shago. Ya ɗaga ledar. Ya kai ta bakin inji. Baffa ko bai gama ba, yana tambayar abokan kwanana. Bakin ledar ya taɓa injin. Sai na ga soket ɗin nan dab da gwiwata. Ban yi shawara da kowa ba. Na fizge wayar injin.

Injin ya yi shiru.

"Kai, lahiyarka?" in ji mai shago.

Baffa bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Basiru. Mi na na haka?"

Na fara zuba. Zafi, leda, tawada, Madam, Japan, yauƙin kuɓewa, duk na cakuɗa su wuri ɗaya, ni kaina ban gane abin da nake faɗi ba. Wani a layi ya ce yaran yanzu sai addu'a. Fuskar Baffa ta ɗaure.

"Ka gama? To ji nan. Tsohuwar nan hannuna tas sa littahin ga. Nit tashi da sahe nig ga ruwa ya ci gehe nai, bakin takarda na marmashewa awa garin rogo. Tun rannan ban yi kwanan kirki ba. Kai kana can kana latsa waya." Ya ɗaga fallen mai ƙyalli ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Diba. Ko gulbi ka jehwa shi, ba abin da ka samu nai. Har jikokinku." Ya juya ga mai shago. "Maida wayarka, ɗana, mu ci gaba."

Mai shagon ya sunkuyo ya karɓi wayar a hannuna. Ba ni da sauran turanci, ba ni da sauran hujja. Ina nan durƙushe, kaina ƙasa, sai na ji bakina na yi da kansa, can ƙasa-ƙasa, da muryar nan siririya:

"Ƙarhe, ƙarhe, sassauta min, ni ɗiyar duma ta."

Baffa ya ɗaga hannu. Mai shago ya tsaya da waya a hannu.

Sannan Baffa ya kawo fallen mai ƙyalli kusa da idonsa, ina jin don ya nuna min ba abin da ya same shi. Ya bi layukan da yatsa yana motsa baki. Da ya zo ƙasa sai yatsan ya tsaya. Wurin da ruwa ya taɓa ya yi laushi, garin turawa cikin inji gefen ya naɗe ya rufe layin ƙarshe, leda ta danne shi a haka.

"Buɗe min nan in miƙe shi," ya ce wa mai shago.

"Alhaji, ai in ta kama ta kama."

Baffa ya sa farce a kusurwa ya fara ɓantarewa da kansa. Na ce Baffa don Allah, amma ya riga ya ja. Ledar ta ɗago kaɗan, ta taho da baƙaƙen Malam manne a jikinta, ta bar takardar fara fat a wurin. Ya saki kamar ya taɓa garwashi.

Janareta na ta ruri a waje. Baffa ya zauna yana kallon ɗan farin wurin nan. Can ya ja numfashi ya ce, "Maƙerin Kande. Tsohuwar ga ko cikin kabari ba ta bar ni ba."

Ya zare falle na biyu daga ledar da hannu biyu, a hankali, ya mayar cikin 'yan'uwansa, ya ɗaure igiya. Ya dube ni. "Tashi hakanan, ka tara min jama'a. Ina Madam ɗin taku take?"

Tun daga rannan ake aikin. Baffa ya ƙi barin littafin ya kwana ko'ina, shi ke kawo shi da kansa ya zauna a kusurwa yana kallo, ya koma da shi. Ranar farko da Madam ta miƙa mashi takardar Japan ya juya ta ya hura ta ya ce wanga ai numfashi na, ba takarda ba. Ya ce in ta yage fa? Madam ta ce, "Sai a jiƙa a cire a sa wata, Alhaji." Ya gyaɗa kai ya ce haka gyartai yac ce. Madam ta dube ni tana neman bayani, na ce labari ne mai tsawo.

Yau ko, abin da ya sa nake wagga murna, Madam ta miƙo min burushi ta ce falle na gaba nawa ne. Ni, Basiru, mijin banza! Hannun nan nawa da ba ya iya zama wuri ɗaya, yau ya natsu. Na ja layin ruwa, na yage, na shafa kunu, na kwantar da gashin bisa tsaguwar. Da ya bushe na ɗaga shi ga taga. Sai ka ƙura ido kafin ka ga facin, kuma ga jinjirin watan nan uku na nan inda Inno ta nuna min su.

Fallen ledar kam ba shi da magani. Yana nan a wurinsa cikin littafin, ƙanƙam, ba ya kwanciya daidai da sauran, duk wanda ya buɗe sai ya ji shi a yatsa. Layin da ya rufe, Baffa ya rera muna shi da karin Inno, na rubuta a wata 'yar takarda daban munka sa kusa da shi.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan cewa take gyartai ya fi maƙeri wayo. Yanzu ba haka nake jin ta ba. Maƙerin nan jariri gare shi a gida. Tsoro ne ya sa ya murɗe wayar, ya ƙara murɗewa, yana son ya yi gyara ɗaya da ba za a sake buƙatar kowa ba. Shi ko gyartai ya yarda zarensa zai mutu, ya yarda akwai wani a bayansa da zai zo ya sake ɗinkewa. Inno ma ai haka ta yi da mu. Ba ta rubuta komai ba, ta dai yi ta faɗi bakin wuta, ta bar shi siriri a kunnuwanmu, har da kunnen wanda ya ce iska yake sha. Facina na yau ma wata rana wani zai jiƙa shi ya cire, kuma wallahi hakan daɗi yake min.

Da munka fito ɗazu na rako Baffa wurin mashin, gafaka a kafaɗarsa, sai maɗaurin takalminsa ya tsinke. Ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo guntuwar waya. Ya dube ni, na dube shi.

"Kai, kauce min da idon nan," ya ce. "Wanga dai takalmi na."